Tambayoyi da Amsoshi Kan Shan Tiramadol da Kodin Tsakanin Matasan Najeriya, da Yadda Abin Ya Shafi Zangon Kumasi

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye da malaman Islamiyya da shugabannin matasa suka fi yi a Aboabo da Asawase da Sabon Zango da sauran unguwannin Hausawa na Kumasi a duk lokacin da aka zauna zancen ƙwaya. Yawancin bayanan sun shafi Najeriya ne, domin a can aka fi gudanar da bincike kuma a can aka fara ɗaukar manyan matakai, amma an kawo abin da ya shafi Ghana a inda ya dace. Bayanin lafiyar da ke ciki na wayar da kai ne, ba ya ɗauke wa kowa zuwa ganin likita.

Mu da muke zaune a Kumasi, me ya haɗa mu da matsalar matasan Najeriya?

Hanya ce ta haɗa mu, kuma tsohuwar hanya ce. Tun zamanin fataucin goro tsakanin Kano da Salaga da ƙasar Asante mutane da kaya suke kai da komowa, har yau kuma da wuya a sami gida a zango wanda ba shi da ɗan uwa ko suruki ko abokin ciniki a Kano, Sakkwato, Zariya ko Legas. Ƙwayoyin da ake magana a kansu ba su san iyakar ƙasa ba: wanda aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Tema ko Lome ko Kwatano yana iya ƙarewa a Kano, wanda aka tsananta wa a Legas kuma yana iya dawowa ta wajenmu. Saboda haka abin da Najeriya ta gwada, da wanda ya yi mata amfani da wanda bai yi ba, darasi ne da ya kamata mu karanta tun kafin namu ya kai girman nata.

Waɗanne magunguna ne ake nufi?

Manyansu huɗu ne. Na farko tiramadol, wanda matasa ke kira tiramol, maganin ciwo ne da wani kamfani ya ƙirƙiro a Jamus a 1962, aka fara sayar da shi a 1977. Na biyu kodin, wanda ake sa wa a wasu magungunan tari na ruwa da wasu ƙwayoyin ciwon jiki. Na uku tafentadol, wanda ya fi tiramadol ƙarfi, kuma shi ne ya cika kasuwa a 'yan shekarun nan, sau da yawa a gauraye da karisofrodol, wani maganin sassauta jijiyoyi da aka janye daga kasuwannin Turai. Na huɗu allurar fentazosin, wadda aka fi sani a wajen masu ciwon sikila da wasu ma'aikatan lafiya. Dukkansu dangin mofin ne, wato suna aiki a wurare guda cikin ƙwaƙwalwa da waɗanda mofin da hiroyin ke aiki a kansu.

Da wuya mai sha ya tsaya a kan guda ɗaya. Ana haɗa su da ƙwayoyin barci irin su diyazifam da Rohypnol, ko da wata ƙwaya da ake kira Exol, ko a zuba a lemon kwalba ko abin sha mai ƙara kuzari, kuma a wajen wannan haɗe-haɗen ne ake yawan rasa rai.

Abin da likita ke rubutawa da hannunsa, ta yaya zai zama abin halaka?

Amsar tana cikin adadi da kuma tsawon lokacin sha. NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, da takwararta ta Ghana sun amince ne da ƙwayar tiramadol mai miligiram 50 da mai miligiram 100, kuma ƙa'idar likitoci ita ce kada babban mutum ya wuce miligiram 400 a yini guda, a rarrabe, na ɗan lokaci. Ƙwayoyin da ake sayarwa a tashar mota da bakin kasuwa kuwa suna ɗauke da miligiram 120, 200, 225, har da 250. Wannan na nufin matashin da ya haɗiye guda biyu masu lamba 225 da safe ya riga ya zarce iyakar yini ɗungum kafin ya karya kumallo, alhali akwai masu shan biyar ko fiye a rana.

Tiramadol yana aiki ta fuska biyu, kuma fahimtar wannan ita ce ke bayyana dalilin da ya sa ya karɓu haka a wajen masu aikin ƙarfi. Ta fuska ta farko hanta tana juya shi zuwa wani sinadari da ke dushe ciwo kamar yadda mofin ke yi. Ta fuska ta biyu yana ƙara yawan wasu sinadaran ƙwaƙwalwa masu tayar da kuzari da walwala, irin aikin da magungunan ciwon damuwa ke yi. Shi ya sa mai sha ba ya jin barci kamar mai kodin, sai ya ji gajiya ta tafi, yunwa ta lafa, zuciya ta yi ƙarfi. Amma wannan fuska ta biyu ita ce ke jawo farfaɗiya idan an sha da yawa, ko da mutum bai taɓa yin ta ba a rayuwarsa. Kuma matashin da farfaɗiya ta kama yana kan babur ko kan bene yana aikin gini, sai dai a yi masa addu'a.

Shi kuwa kodin hanta ce ke mayar da wani sashe nasa mofin, kuma jikin mutane ya bambanta wajen saurin yin hakan, ta yadda kwalbar da wani ya sha ya tashi lafiya za ta iya tsayar da numfashin abokinsa. Dukkan dangin nan suna da halayya guda: jiki yana sabawa da su cikin makonni, adadin jiya ba ya isa yau, sai an ƙara, har ya kai ga mutum yana sha ne don ya iya miƙewa, ba don wani daɗi da yake ji ba.

Yaya girman matsalar yake a Najeriya?

Binciken da aka fi dogara da shi shi ne wanda hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019. Ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64, wato kashi 14.4 cikin ɗari, sun yi amfani da wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai magungunan ciwo dangin mofin da mutum miliyan 4.6, sai maganin tari da mutum miliyan 2.4. Masu shekaru 25 zuwa 39 su ne suka fi yawa, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce.

Kafin wannan, a 2017, an bayyana a zauren majalisar dattawan Najeriya cewa ana shan kwalabe kusan miliyan 3 na maganin tari mai kodin a kowace rana a jihohin Kano da Jigawa kawai. Wannan ƙiyasi ne da aka faɗa a muhawara, bai kai binciken ƙididdiga ƙarfi ba, amma shi ne ya fara girgiza jama'a. Ya kamata a lura kuma cewa binciken 2019 ya nuna yankin kudu maso yamma ne ya fi ko'ina yawan masu shaye-shaye, saboda haka masu cewa wannan cuta ce ta Arewa ko ta Hausawa ba su duba alƙaluman ba.

Me ke kai matashi ga fara sha? Ba rashin tarbiyya ba ne kawai?

Tarbiyya tana da nata kaso, babu mai musun haka, amma duk wanda ya tsaya a kanta kaɗai ba zai fahimci rabin lamarin ba. Da yawa daga cikin masu shan tiramadol ba zauna-gari-banza ba ne, masu neman na kansu ne: 'yan acaɓa da masu keke mai ƙafa uku, 'yan dako, leburorin gini, masu haƙar ma'adinai, manoma a lokacin noma da girbi, direbobin doguwar tafiya. Mutumin da ake biyansa gwargwadon buhunan da ya sauke, idan aka nuna masa ƙwayar da za ta sa ya yi aikin mutum biyu da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, lissafin da zai yi a ranar farko lissafin ciniki ne. Wannan hoto ne da muka sani sarai a nan, a kasuwar Kejetia da wuraren galamsi, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba.

Akwai masu farawa saboda an gaya musu yana jinkirta inzali, kuma wannan dalili ya fi yawa fiye da yadda kunya ke bari a faɗa. Akwai waɗanda 'yan siyasa ke raba wa lokacin yaƙin neman zaɓe domin su yi musu bangar siyasa, kuma an sha samun rahotannin kama tiramadol a hannun mayaƙan Boko Haram da 'yan bindigar daji. Akwai ɗalibai da abokai suka ja. Akwai kuma waɗanda suka fara da ciwo na gaskiya, karaya ko tiyata ko ciwon baya, aka rubuta musu na mako guda, da ya ƙare suka koma kemis aka ci gaba da ba su ba tare da an nemi takarda ba.

An ce har matan aure suna sha. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma maganin tari ne ya fi shiga cikin gidaje, domin ba shi da wari irin na giya ko wiwi, kwalbarsa kuma ba ta jawo zargi. Mace mai fama da damuwar kishi ko mutuwar aure ko rashin barci takan same shi ta hannun ƙawa, ko a gidan biki. Abin da ya fi muni a nasu ɓangaren shi ne sun fi maza wahalar samun magani, saboda dangi suna ɓoyewa don gudun abin kunya, wuraren jinya da yawa kuma ba su da ɗakin mata. Mai ciki da ke shan waɗannan magunguna kullum kada ta yanke su da kanta. Ta gaya wa ma'aikatan awo, domin jaririn ma jikinsa ya saba, kuma zai buƙaci kulawa bayan haihuwa.

Daga ina ƙwayoyin ke fitowa?

Maganin tari mai kodin yawancinsa a cikin Najeriya ake haɗa shi kafin a hana, sai ya zurare daga hannun dillalai zuwa kasuwar bayan fage. Tiramadol mai manyan lambobi kuwa akasarinsa daga Indiya yake zuwa a cikin kwantena, a shigo da shi ta tashoshin jiragen ruwa na yammacin Afirka, daga nan a rarraba ta mota, wani ya bi ta Nijar har Libiya. Abin da ya sauƙaƙa wannan fatauci shi ne tiramadol ba ya cikin jerin magungunan da yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa wa takunkumi. Kowace ƙasa ita ke tsara nata. Masar ta daɗe tana neman a saka shi, amma ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya sun yi ta jan ƙafa, don tsoron kada marasa lafiya a ƙasashe matalauta su rasa maganin ciwo mai ƙarfi guda ɗaya da suke iya samu.

Wane mataki hukumomin Najeriya suka ɗauka?

Shekarar 2018 ita ce mararraba. A ƙarshen watan Afrilu sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya fitar da rahoton da ya nuna wakilan wasu kamfanonin magani suna sayar da maganin tari a ɓoye, ya kuma nuna matasa ɗaure da sarƙa a wata cibiyar gyaran hali a Kano. Washegari, ranar 1 ga Mayu, ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya sanar da hana shigo da kodin da haɗa maganin tari da shi, sannan NAFDAC a ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye ta rufe kamfanoni uku na wani ɗan lokaci. A ƙarshen shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamitin ba da shawara kan shaye-shaye, ya ɗora Birgediya Janar Mohammed Buba Marwa mai ritaya a kansa.

A watan Janairun 2021 aka naɗa Marwa shugaban NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya da aka kafa tun 1989, kuma tun daga lokacin kame da ƙwace kaya suka ƙaru ƙwarai. A watan Yunin shekarar aka ƙaddamar da gangamin wayar da kai da ake kai wa makarantu da masallatai da coci-coci da tashoshin mota da fadojin sarakuna, aka kuma fitar da babban tsarin ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2021 zuwa 2025. A 2022 jami'an hukumar sun gano ƙwayoyin tiramadol sama da miliyan 13 a wani katafaren gida a unguwar masu hali ta Lekki a Legas, abin da ya nuna wa kowa cewa masu wannan sana'a ba yaran bakin tasha ba ne.

Ta ɓangaren kasuwanni, a 2024 an rufe shagunan magani da yawa a Sabon Gari ta Kano domin tilasta wa 'yan kasuwa komawa cibiyar sayar da magani ta Dangwauro, inda hukuma za ta iya sa ido. A watan Fabrairun 2025 kuma NAFDAC ta kai samame manyan kasuwannin magani na Idumota a Legas da Onitsha da Aba. A 2024 majalisar dattawa ta amince da hukuncin kisa ga manyan dillalan ƙwaya, amma shawarar ta gamu da suka mai yawa daga lauyoyi da masu kare haƙƙin ɗan Adam.

To, hanin ya yi aiki?

Ya yi wani aiki, bai yi wani ba. Kodin ya bar kan kantar shagunan magani, farashinsa ya ninka, kuma yaron sakandare ba ya shiga kemis ya saye shi kamar alewa yadda ake yi a da. Wannan ba ƙaramar nasara ba ce. Amma har yau ana kama kwalabensa a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Onne, an shigo da su daga waje, wato abin da aka hana haɗawa a gida ya koma zuwa ta ruwa.

Labarin tiramadol ya fi bayyana gaskiyar lamarin. A watan Afrilun 2018 Indiya ta saka shi cikin dokarta ta kayan maye, fitar da shi ya yi wuya. Ba a jima ba sai ga tafentadol ya maye gurbinsa, a cikin irin fakitin, da irin lambar 225 ɗin, da sunaye kamar Tafrodol da Super Royal. A watan Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya bi sawun waɗannan ƙwayoyi daga titunan Tamale da garuruwan Najeriya har zuwa wani kamfani a kusa da Mumbai, bayan haka ne Indiya ta hana haɗa tafentadol da karisofrodol da fitar da su. Ke nan shekara bakwai ana sayar wa matasanmu abin da ya fi na farko haɗari kafin a rufe wannan ƙofar. Lamarin ya yi kama da ruwan sama a rufin da ya tsufa, kana toshe nan yana ɓullowa can, matuƙar ba a taɓa dalilin da ya sa ake nema ba.

A ganin mai wannan rubutu, inda aka gaza shi ne wajen jinya. A binciken 2019 kusan mutum miliyan 3 ne aka ƙiyasta shaye-shaye ya zame musu cuta, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda suka fi shiga haɗari sun ce suna buƙatar magani, amma yawancinsu sun ce samunsa na da wuya. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Aro a Abekuta, da Dawanau a Kano, suna ƙoƙari, amma gadajensu ba su kai ko kusa da yawan masu buƙata ba. Idan aka ƙwace ƙwayar daga hannun wanda jikinsa ya riga ya kamu ba a ba shi magani ba, ba a rage mai sha ko ɗaya ba, an dai tura shi neman wani abu.

Ita Ghana fa, me ta yi?

A 2018 Ghana ma ta hana maganin tari mai kodin, ta kuma taƙaita shigo da tiramadol da sayar da shi, sai da takardar likita. A 2020 aka yi sabuwar dokar da ta kafa NACOC, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Ghana, dokar kuma ta sauya hukuncin wanda aka kama da ɗan abin da zai sha shi kaɗai daga zaman kurkuku na shekaru zuwa biyan tarar kuɗi, ta kuma amince cewa kamuwa da ƙwaya lamari ne na lafiya. A wannan fuska Ghana ta riga Najeriya. A 2025, da ƙwayar da matasa ke kira red, wato haɗin tafentadol da karisofrodol, ta yi ƙamari, ma'aikatar matasa ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da ita a faɗin ƙasa. A Tamale kuma mutanen unguwa ne da kansu suka kafa 'yan sintiri masu ƙwace ƙwaya suna ƙonawa.

Malam, ta yaya zan gane ɗana ya fara?

Alamomin da aka fi gani su ne ƙanƙancewar baƙin ido, yawan soshe-soshe, gumi ba tare da zafi ba, taurin bayan gida, ramewa, gyangyaɗi da rana da rashin barci da dare, saurin fushi da safe wanda ke gushewa da zarar ya fita ya dawo, da ɓacewar kuɗi ko ƙananan kaya a gida. Farfaɗiyar da ta zo wa saurayi karon farko babbar alama ce, kada a ce aljanu ne a tsaya a nan. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke zama hujja ita kaɗai, saboda haka a fara da zama da shi a keɓe, ba a gaban ƙannensa ba, kuma a lokacin da yake cikin hayyacinsa.

Idan muka tarar da shi a sume ko yana farfaɗiya, me za mu yi?

A kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko madara ko manja, domin suna iya sarƙe shi su shiga huhu. A kira lambar gaggawa ta 112 ko a ɗauke shi nan take zuwa asibiti mafi kusa, irin su Manhyia ko Komfo Anokye, a tafi da fakitin abin da ya sha. Idan numfashinsa ya yi ƙasa sosai, leɓɓansa suka sauya launi, ko yana wani irin minshari ba ya farkawa ko an girgiza shi, to kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. Da yawa a cikin wannan barcin suke tafiya. Akwai allurar nalokson da ke dawo da numfashi cikin mintuna, amma ba ta tsayar da farfaɗiyar tiramadol, kuma ƙarfinta na iya ƙarewa kafin na ƙwayar, don haka ko ya farfaɗo sai an ci gaba da lura da shi a asibiti. A gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Zai iya dainawa da kansa idan ya yi niyya?

Wasu suna iyawa, musamman waɗanda ba su daɗe ba, amma wanda ya shekara yana sha kullum yana buƙatar taimako. Cikin yini guda da yankewa zai fara ciwon gaɓoɓi da zawo da amai da hamma da zubar majina da rashin barci, abin ya tsananta a kwana na biyu da na uku, ya fara sauƙi bayan kimanin mako guda. Mai tiramadol yakan ƙara da firgici da damuwa mai tsanani, wani har ya riƙa jin muryoyi. Likita yana rage adadin ne sannu a hankali tare da ba da magungunan da ke sassauta waɗannan wahalhalu. Wanda kuma yake haɗawa da ƙwayoyin barci, yankewa farat ɗaya na iya zame masa haɗari ga rai. A Kumasi ana iya farawa da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Komfo Anokye, akwai kuma asibitocin Pantang da Akra da Ankaful.

Mako na farko ba shi ne mai wuya ba. Mai wuya shi ne watannin da ke biye, lokacin da ya koma kan babur ɗinsa, cikin abokansa na da, da gajiyar da ta sa shi farawa. Abin da iyaye ya kamata su sani shi ne bayan an daina jiki yana rasa sabon da ya yi, ta yadda idan ya koma ya sha adadin da ya saba a da, wannan adadin na iya kashe shi. Komawa sau ɗaya ko sau biyu abu ne da likitoci suka sani a wannan cuta, ba dalilin korarsa daga gida ba ne.

Wasu suna ba da shawarar a kai shi gidan mari a Najeriya ko wajen masu addu'a. Ya dace?

Addu'a da nasiha da komawa ga Allah suna ƙarfafa mai jinya, kuma malamin da yaro ke jin nauyinsa yana iya yin abin da likita ba zai iya ba. Amma sarƙa da bulala da yunwa ba magani ba ne. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, bayan haka aka gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba, rashin wurin zuwa ne, har da waɗanda suka tsallako daga ƙasashen maƙwabta. A Ghana hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta haramta ɗaure marasa lafiya tun 2017, Najeriya kuma ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Duk wurin da ba za a bar uwa ta ga ɗanta a lokacin da ta so ba, kada a kai shi.

Ina da 'ya mai sikila, ana ba ta tiramadol idan ciwon ya tashi. In hana ta?

Kada ki hana ta, Hajiya. Ciwon sikila da na daji da na bayan tiyata suna buƙatar magani mai ƙarfi, kuma ɗaya daga cikin illolin wannan yaƙi shi ne marasa lafiya na gaskiya sun fara shan wahalar samun abin da ya halatta gare su, wasu ma'aikatan lafiya ma suna yi musu kallon 'yan ƙwaya. Abin da ake so shi ne likita ɗaya ko asibiti ɗaya ya riƙa lura da ita, a saya a kantin magani mai lasisi, maganin ya zauna a hannunki a kulle, kuma kada a koya mata yi wa kanta allurar fentazosin a gida, domin ta nan ne masu sikila da yawa suka kamu, allurar kuma tana lalata naman cinya da hannu ta bar gyambon da ba ya warkewa da wuri. Idan kin ga tana neman maganin alhali ciwon bai tashi ba, ki gaya wa likitanta.

Mene ne hukuncinsa a addini, tunda ba giya ba ne?

Hadisi ingantacce ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne, kuma malamai ba su bambanta tsakanin na kwalba da na fakiti ba idan an sha don maye. Shan sa bisa umarnin likita saboda ciwo kuwa magani ne. Mai sayar wa yaro yana sane da abin da zai yi da shi, laifinsa ya fi na yaron.

Akwai mai kemis a layinmu da kowa ya san yana sayarwa. Ina za mu kai ƙara?

A Ghana masu ƙananan shagunan magani lasisinsu bai ba su damar sayar da tiramadol ba sam, ko da mai miligiram 50 ne, manyan kantunan magani kuma sai da takardar likita. Duk ƙwayar da ta wuce miligiram 100 da ake sayarwa a sarari a layi, da duk mai ɗauke da tafentadol haɗe da karisofrodol, haramtacciya ce ko a hannun wa take. Ana kai rahoto ga majalisar kula da harhaɗa magunguna, wadda ke ba da lasisi kuma take iya janye shi, ko ga hukumar abinci da magunguna, ko NACOC, dukkansu kuma suna da ofis a Kumasi. Ya fi kyau rahoton ya fito daga hannun jama'a, ta bakin mai unguwa ko limami ko kwamitin masallaci, a rubuce, da sunan shagon da wurin da yake da irin ƙwayar da ake sayarwa, domin kada a bar mutum ɗaya da gabar maƙwabcinsa. Kada matasa su fasa shago ko su doki kowa, domin hakan yana mayar da mai ƙara wanda ake tuhuma, ya kuma lalata shaidar da za a gabatar a kotu. Idan an kai rahoto a karɓi shaidar an karɓa, a ajiye kwafi, a koma bayan makonni biyu a tambayi inda aka kwana.